Jan Ƙyallen da Ya Raba Ni da Giwa

Da farko dai a shaida, ni ban taɓa ce wa kowa ni makiyayi ne ba. Takarda ce ta faɗa. Ni dillalin shanu ne a kara ta Gwagwalada, sunana Tanimu, abokan wasa kuma suna ce mini Aji Huɗu, domin a nan muka rabu da boko. Ko ni na sake shi ko shi ya sake ni, har yau ba a yanke hukunci ba. Abin da na tsira da shi ya ishe ni karanta allon mota da rubuta wannan labari, wanda na gaji da maimaita shi a teburin mai shayi, inda duk wanda ya ji sai ya kai gaba da nasa ƙarin.

Yadda aka yi, wata ma'aikata a nan Abuja ta samu gayyatar tura mutane ƙasar Sin, can yammacinta a kan tsaunuka, su ga yadda ake kiwo. Aka cika kujeru da masu kwat. Sai a ƙarshe wani ya tuna cewa ya kamata a tafi da ko mutum ɗaya da ya taɓa shafa saniya. Aka zo rugar Ardo Manu a Paikon Kore da hotuna a waya. Ardo ya ce shi ko motar Abuja ba ya so, balle jirgi. Ina gefe a zaune, ina da fasfo tun aikin hajji, ga ɗan turancina na gaisuwa. Ardo ya dangwala yatsa cewa ni ne wakilinsa.

Amma cikin hotunan akwai ɗaya da ya riƙe ya ƙi saki. Wani tafki ne shuɗi, bakinsa fari fat kamar an zuba gari, ga wasu shanu masu gashi har ƙasa suna lasa.

"Kaɗo," in ji shi, haka yake kirana shekara talatin, "wannan farin, gishiri ne?"

"Haka suka ce."

"Ka kawo mini. Wanda aka ɓanɓaro daga bakin ruwan, ba na shago ba. In ka kawo, kai za ka fitar da Giwa kasuwa kafin babbar Sallah."

Wanda bai san Giwa ba ba zai gane abin da ya sa na ji jiri ba. Giwa farin bijimi ne, tozonsa kamar tulu, ƙahonsa in ya juya kai sai kaji su watse. Shekara bakwai ina lallashin Ardo a kansa, na kai goro, na kai taba, na kai bakina. Sale, abokin hamayyata a kara, shi ma yana ta sintiri a rugar. Duk dillalin da ya ja igiyar Giwa ya shiga kasuwa da shi, to har ya mutu da wannan za a riƙa kwatanta shi. Ni kuma na tsufa, kuma ban da wani abin da za a kwatanta ni da shi sai aji huɗu.

Ardo ya shiga bukka ya fito da dunƙulen kanwa ungurnu, girman curin fura uku a haɗe. "Ba a shiga rugar mutum hannu rabbana. Ka ba makiyayin can, ka ce daga ɗan'uwansa."

Zangon farko wani birni ne da ban iya faɗin sunansa ba, a gindin tsaunuka. An haɗa ni ɗaki da Oga Bitrus, likitan dabbobi, mutumin Filato, wanda Hausarsa ba ta damu da wanene namiji wacece mace ba. Shi ne bakina shi ne kunnena. Kwana biyu ban ci komai ba sai biskit da ruwan zafi, domin duk abin da aka ajiye a faranti sai in tambaya, "Wannan da can me yake kafin a dafa shi?" Bitrus ya ce, "Baba, ni ma ban san shi ba, amma yana da daɗi." Wannan ba amsa ba ce ga mai salla.

Cikina ya ɗaure. To, duk Bahaushe ya san maganin ɗaurin ciki. Na buɗe jaka, na ɓalli kanwar Ardo kaɗan, na jiƙa na sha, na ce ai ɗan'uwan nan na can bai san girmanta na asali ba. Washegari na sake ɓalla. Bitrus yana kallona ta saman tabarau.

"Baba, kana cin amanan Ardo."

"Ina ɗanɗanawa ne, kada a kai wa baƙo abin da ya lalace."

Rana ta uku Allah ya kawo mini sauƙi. Muna tafe a wani lungu sai na hango tsoho da farar hula da ɗan gemu kamar na akuya, yana jan taliya da hannu a ƙofar shago. Na ce bari in gwada, na yi sallama. Mutumin nan ya saki taliyar ya amsa mini cikakkiya, har da wabarakatuhu. Ya zaunar da ni, ya cika mini kwano da romon naman sa, ya ƙi karɓar ko sisi. Da azahar ta yi ya shimfiɗa mini darduma a bayan shago. Na duba inda rana ta fito, na fuskanci gabas kamar yadda na saba tun ina yaro, na ɗaga hannu zan yi kabbara. Sai na ji an kama kafaɗuna an juya ni kamar tukunya. Ashe mun wuce Makka, ta koma bayanmu. Sallolin kwana biyu da na yi a otal duk ƙeya na ba alƙibla. Na rama su a ranar, ina yi ina jin haushin masu kwat, mutum goma sha ɗaya da digiri, ba wanda ya ce mini ƙasa ta juya.

Daga nan aka ɗora mu a bas aka fara hawa. Ana hawa, ana hawa, har itatuwa suka gaji suka tsaya, mu ba mu tsaya ba. Iskar wurin ba ta ƙosarwa. Ka buɗe baki ka ja, sai ka ji kamar an ba ka farau-farau a madadin fura. Kaina ya riƙa sarawa kamar ana daka a ciki. Aka miƙo mana gwangwani mai murfin hanci, wai iska ce a ciki, ka danna ka shaƙa. Na yi shekara sittin da wani abu a duniya, na ga an sayar da ruwa a leda, na yi shiru. Ban zaci zan kai ranar da za a sayar da iska ba.

Zango na biyu shi ne wurin horon. Kwana huɗu muna zaune a ɗakin taro mai ɗumi ana nuna mana hoton saniya a bango. Wani ya yi magana da yarensu, wata ta juya zuwa turanci, Bitrus ya juya mini zuwa Hausarsa, kafin maganar ta iso gare ni ta rame ta zama, "Baba, ya ce ciyawa yana da muhimmanci." Na tsallake teku da hamada don a gaya mini shanu na cin ciyawa. Masu kwat suna ta rubutu. Ni ina ta lissafin kwanaki, ina tunanin Sale yana can zaune a inuwar Giwa yana yi wa Ardo daɗin baki. Da yamma in tsaya a taga in yi ta kewar abubuwan da ban taɓa sanin ina so ba, har da hayaniyar 'yan acaɓan tashar Gwagwalada da warin kara bayan ruwan sama.

Rana ta biyar aka kai mu ganin tafkin, amma ta gefen 'yan yawon buɗe ido, inda aka yi shinge da gadar katako, kowa na ɗaukar kansa hoto. Gishirin yana can nesa bayan shinge, ga masu gadi. A bakin ƙofa wani mai tebur ya ga ina leƙe, ya ɗaga wata 'yar jaka mai hoton tafkin, ya nuna ruwan, ya nuna jakar, ya ɗaga babban yatsa. Na yi ciniki irin na gwani, na rage masa rabi, na dawo bas ina taƙama, na ce wa Bitrus aikin da ya kawo ni ya ƙare.

Mai yi mana tafinta wata mata ce, Malama Lamo, ita ma likitar dabbobi, 'yar asalin makiyayan wurin. Ta karɓi jakar ta karanta bayanta, ta rufe baki da hannu. Ta yi wa Bitrus magana, Bitrus ya kwanta a kujera don dariya.

"Baba, gishirin wanka ne. Na mata. Daga kamfani a bakin teku. Ka shinshina."

Na shinshina. Ƙamshin fure. Ni Tanimu, da na taɓa sayar wa mahauci saniya mai ido ɗaya yana godiya, mai tebur ya yi mini wanka ba ruwa. Na ce ko a wanke turaren a kai wa Ardo haka. Bitrus ya ce, "Ardo zai lasa." Gaskiya ne. Harshen Ardo yana bambance kanwar Borno da ta Agadas ido a rufe.

Malama Lamo ta ji tausayina. Ta ce kawunta yana kiwo a ɗaya gefen tafkin, inda ba shinge, kuma dama an shirya mutum biyu su kwana biyu a wurin makiyaya na gaske. Masu kwat suka ji babu banɗaki, kowa ya tuna yana da rahoton rubutawa. Aka bar ni da Bitrus.

Zango na uku ke nan, rugar Dattijo Dorje. Baƙar tanti ce da aka saƙa da gashin shanunsu, waɗanda suke kira yak, ga wani kare a ɗaure mai kai kamar na zaki. Dorje tsoho ne ƙaƙƙarfa, fuskarsa kamar tsohuwar jakar fata, rigarsa mai hannu dogo har ya wuce yatsu. Matarsa ta zuba mana shayi da man shanu da gishiri a ciki. Na kurɓa, na ce a raina wannan miya ce ta ɓata hanya. Da na shanye don kunya sai ta sake cikawa. Aka kawo garin sha'ir, kowa ya zuba a kwanonsa ya murza da yatsu ya cura. Wannan kam na gane shi, fura ce da ba ta samu nono ba. Wutar ma da busasshen kashin shanu ake hura ta. Na ce wa Bitrus, "Waɗannan Fulani ne, sanyi ne ya canza musu kama."

Duk maganar da zan ce Dorje ya faɗa, a sani ta bi ta bakin Lamo, ta bi ta bakin Bitrus, sannan ta iso. Da ya ji aikina sayar da shanu ne, sai ya yi murmushi ya kama hannuna ya ja shi cikin dogon hannun rigarsa. Ya matsa mini yatsu biyu, ya matsa uku. Lamo ta ce haka suke ciniki, a ɓoye cikin riga, kada na gefe ya ji farashi. Wallahi sai na ji kamar na ga ɗan garinmu. Mu ma a kara ai jan mutum gefe muke mu yi masa raɗa. Muka yi ta wasa da yatsu muna dariya, na koyi goma, na koyi ɗari. A nan ne kaina ya kumbura.

Da la'asar garken ya dawo. A cikinsu akwai wani baƙin sa da ya fi kowanne, gashinsa na jan ƙasa, ƙirjinsa kamar ƙofar zaure, an ɗaura masa jan ƙyalle a kunne da wuya. Ido na dillali bai san hutu ba. A wurinmu dabbar da aka yi wa ado ai kasuwa za ta. Na ce bari in nuna wa mutanen nan cewa Najeriya ba ta turo ɗan koyo ba. Na taka a hankali saboda numfashi, na dafa gadon bayansa, na matsa cinya, na ɗaga leɓe na duba haƙora, na ja ƙyallen gefe don in ga wuya. Sannan na dawo na cusa hannuna cikin rigar Dorje, na matsa masa farashi mai kyau, farashin girmamawa.

Ya zare hannunsa kamar na sa masa garwashi. Matarsa ta ajiye bokitin tatsa ta shige tanti. Kare ma ya daina haushi.

Lamo ta yi magana a hankali, Bitrus ya juya, wannan karon ba ya dariya. Tafkin nan a wurinsu mai tsarki ne. Ba sa cin kifinsa, ba sa wanka a ciki, suna kewaya shi da ƙafa suna addu'o'insu. Shekarar da matar Dorje ta kwanta ciwo har aka fid da rai, ya zaɓi mafi kyawun ɗan maraƙinsa ya ɗaura masa jan ƙyalle ya 'yanta shi, ya bar wa tafkin. Tun daga ranar ba a sayar da shi, ba a yanka shi, ba a ɗora masa kaya, ko gashinsa ba a yankewa. Zai ci ya sha har ya mutu don kansa. Matar ta tashi. Ita ce ta ba ni shayi.

"Wato Baba," in ji Bitrus, "ka shiga gidan mutum ka taya ran matarsa."

Na ba da haƙuri da Hausa, da turanci, da hannu a ƙirji. Dorje ya gyaɗa kai, amma bai sake ba ni hannun rigarsa ba. Kuma in faɗi gaskiya, ko a cikin kunyar, wani ɓangare na zuciyata yana ta kukan asara. Sa kamar wannan, a bar shi ya tsufa ya mutu a banza, ko fatar ba za a ci ba.

Washegari da safe, da ƙyar na aika Lamo da roƙon gishiri. Amsar ta dawo a taƙaice. Gishiri na tafki ne, ba na Dorje ba. Ba a ɗiba sai an ba shi wani abu tukuna. Su suna ƙulla sha'ir da man shanu a ƙyalle su jefa a ruwa, su nemi izini, sannan su kankara. In na yi haka, in ɗebi ko buhu.

Na ce, "Ki gaya masa ni ba na ba ruwa kyauta. Wanda ya halicci ruwan nake roƙo."

Ta gaya masa. Ya ce to, ba laifi, ruwan ma ba ya ba da nasa.

Bitrus ya ja ni gefe. "Baba, ɗan gari ne kawai. Ka jefa, Allah ya san zuciya."

"Kai ka jefa mini."

"Ah, ni dattijon coci ne fa."

"To ni ɗan iska ne?"

Muka zauna a kan dutse mu biyu, liman da fasto, muna kallon gishiri shimfiɗe fari har iyakar gani, ba shinge ba mai gadi, kuma ya fi ƙarfinmu. Wuni guda na yi ina jin haushi. Haushin Ardo da bai nemi agogo ko bargo kamar kowa ba, haushin ma'aikata, haushin ƙirjina da ke kuka kamar tsohon injin niƙa. Ga tutocinsu masu launi suna ta kaɗawa a kan tsibin duwatsu, ga wasu tsofaffi suna wucewa suna kewaya tafkin, sun sa shi a damansu. Na ce wa Bitrus ko ɗawafin ma a juye suke yi. Ya ce, "Baba, kai da ka ba Makka baya kwana biyu, ka yi shiru."

Ranar tafiya, mota za ta zo da hantsi. Bayan na idar da sallar asuba, gari ya waye tangaran, sai Shaiɗan ya zo mini da shawara mai tsari. Ya ce gishirin nan na Allah ne, kai kuma bawan Allah ne, hularka kuma tana da zurfi. Na saka ragowar kanwar Ardo a aljihu da niyyar in miƙa wa Dorje in mun zo sallama. Ta koma kamar ƙwan agwagwa, kunya ma ta hana ni fito da ita tun farko. Na zagaya bayan tanti na nufi bakin ruwa.

Tafiyar da ba ta fi daga masallaci zuwa bakin kara ba, sai da na huta sau uku. A na huɗu ƙafafuna suka ce sun yi murabus. Na zauna daɓas a kan ciyawa, gishiri yana gabana kamar taku ashirin, ina haki, ido na ganin taurari da safe. Ɓarawon da ba shi da numfashi ai abin tausayi ne.

Sai na ji huci mai ɗumi a ƙeyata. Na juya, ga baƙin san nan mai jan ƙyalle a kaina, kamar an kafa rumfa. Ya sunkuyo ya tura hancinsa a haƙarƙarina, ya bi ya sami aljihu, ya fara jan rigar da leɓe. Ya ji ƙamshin kanwa. Duk saniyar duniya, ko mai gashi ko mai tozo, in ta ji kanwa hankalinta ya tafi. Na ga in ban yi wani abu ba zai cinye mini riga ɗaya tilo mai kauri. Na ciro dunƙulen na buɗe tafin hannu. Harshensa kamar zarto. Ya lasa, ya lumshe ido, ya sake lasa. Na samu kaina ina sosa masa gindin kunne ina ce masa, "Sannu, sannu, ci abinka, daga Paikon Kore ta zo." Har ya tauna ragowar ya lashe mini hannu tas.

Da na ɗaga kai, Dorje na tsaye da Lamo da Bitrus. Sun ga ba na nan sun biyo sawu. Hulata tana hannuna na hagu, a buɗe, kowa ya san abin da ta fito yi.

Dorje ya tambayi menene na ba san. Na ce gishirin ƙasarmu ne, wani makiyayi ɗan'uwansa ya aiko masa, ni na cinye rabi a hanya, sansa ya ƙarasa. Ya daɗe yana kallon san da ke lasar hanci. Sannan ya yi magana.

"Ya ce," in ji Bitrus, "san na tafki ne. Wanda ya ciyar da shi ya ba tafki. An karɓa."

Na yi wuf, iya wuf ɗin da numfashi ya bari. "A gaya masa ni dabba na ba. Dabba mai rai, mai jin kwaɗayi. Ban ba ruwa komai ba."

Maganar ta tafi ta dawo. "Ya ce ya ji. Ya ce kai ka riƙe naka, shi ya riƙe nasa."

Ya taka zuwa bakin ruwan, ya yi 'yan maganganunsa, ya sa wani katako mai faɗi ya ɓanɓaro ɓawon gishiri kamar faifai, ruwan toka-toka, yana ƙyalli. Ya naɗe a tsumma ya ɗora mini a cinya. Sannan ya zaro wani jan ƙyalle daga ƙirjin rigarsa, irin na wuyan san, ya ce wannan na mutumin da ya aiko da kanwa ne. Da za mu shiga mota ya ja hannuna cikin hannun rigarsa. Bai matsa ko yatsa ɗaya ba, ya riƙe ne kawai. Na bar wa matarsa gishirin wanka.

Ba zan ba da labarin yadda na shigo da farin abu a tsumma ta filayen jirgi uku ba. Bitrus ya yi ta nuna katin likita yana rantsuwa, har wani jami'i ya lasa ya yamutsa fuska ya ce mu wuce.

Kwana biyu da sauka na hau acaɓa zuwa Paikon Kore. Na tarar da Sale a zaune kan tabarma, kamar yadda na zata. Na kwance tsumma a gaban jama'a. Ardo ya ɓalla ya ɗora a harshe, ya rufe ido, ya daɗe.

"Wannan bai taɓa ganin shago ba," in ji shi.

Aka kai wa Giwa, ya lashe har ƙasar wurin. Sale ya fara neman takalmansa. Da na tashi a lokacin na kama igiya, da yanzu wani labarin nake rubutawa. Amma na tuna da ƙyallen, na ce amana amana ce, wadda na ci rabinta ma ta ishe ni. Na miƙa wa Ardo.

"Wannan fa na menene?"

Bakin dillali ba ya ganin taro ya yi shiru. Na gyara zama na ba da labarin baƙin sa tun daga farko, da ciwon matar, da yadda na taya shi, da yadda ba a sayarwa ba a yankawa. Na yi ta zuba ina jiran a yi dariyar wautar mutanen tsauni. Matasa suka yi. Ardo bai yi ba. Yana ta murza ƙyallen a yatsunsa.

"Har ya mutu don kansa?" ya tambaya.

"Har ya mutu. Ka ji asara."

Ardo ya ce, "Ranar sunana babana ya ba ni karsana. Duk farin da ka gani a garken nan jininta ne, Giwa ne na ƙarshe da ya ɗauko kamarta. Shekara bakwai kuna zuwa kai da Sale, ina jin kunyar in ce muku ba na iyawa, kada a ce Ardo ya haukace. Ashe akwai mahaukata irina a bayan duniya."

"Ardo, su fa don tafki suke yi."

"Ni ba ni da tafki. Ina da uba."

Ya tashi ya ɗaura jan ƙyallen a ƙahon Giwa, ƙulli biyu. Ya dawo ya ce ya san ya yi mini alkawari kuma ya karya, ya roƙe ni gafara a gaban mutane, ya ba ni bijimai biyu matasa in kai kasuwa a madadin. Na kai su. Ba wanda ya juyo ya kalle su. Sale kuwa ya samu abin faɗi har ƙarshen rayuwarsa, duk wanda ya zo kara sai ya nuna ni ya ce, ga mutumin da ya je ƙasar Sin ya sayo wa kansa asara.

Sallah uku ke nan. Giwa yana nan, ƙyallen ya koɗe ya zama ruwan hoda, haƙoransa sun fara tafiya, farashinsa na sauka kowace safiya ina ji a jikina. Duk ranar da na shiga Paikon Kore nakan tsaya a bakin hanya in sayi kanwa ungurnu in saka a aljihu. Da ya hango ni yake tasowa. Ardo yana cewa na kamu, ni kuwa na gaya masa kada ya yi mini mummunar fahimta. Ina kula da kaya ne kawai, kada ya rame, ko wata rana mai shi zai dawo cikin hankalinsa.